Hanyar Wutar da Na Matse a Allon Mijin Yayata

Ranar Talata bayan azahar muka binne mijin yayata, ana yayyafi. Na Allah muke, wurinSa za mu koma, shi dai ya riga mu ne. Ya haura saba'in, fiye da rabin shekarun nan a Agege ya yi su, amma waɗanda suka bi gawarsa zuwa maƙabarta ba su cika ƙananan bas biyu na haya, irin danfo, ba.

Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a rumfar ƙofar gida. Mutanen da suka kasa taka ƙafa zuwa maƙabarta sai ga su sun cika rumfar, domin zama ba ya jiƙa riga. Ina gefe ina karɓar gaisuwa, ina jin abin da suke faɗa.

"Allah ya ji ƙan Injiniya," in ji wani dillalin shanu. "Mutum ne mai zafi, amma kowa da halinsa."

"Zafi kam, ai har masallaci ya ɗanɗana," in ji mai goron bakin layi. Ya faɗa a hankali, aka yi dariya a hankali, sannan kowa ya ce astagfirullah.

Dillalin ya juyo wurina. "Kai dai Alhaji, Allah ya saka maka. Mutumin da ya watsa maka kaya a titi, yau kai ka shiga kabari ka karɓe shi. Irinka sai an tona."

Na ce amin. Shekara biyu ke nan ina cewa amin ga irin wannan magana.

Tsohon ladanin masallacinmu bai zo ba. An aika masa, ya ce a gaya wa masu makoki ƙafar da zai taka ya zo, mamacin ne ya karɓe ta. Aka maimaita maganar a rumfa, babu wanda ya ce bai kyauta ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, ni da karatuna bai wuce aji huɗu ba. Unguwar nan na shirin riƙe mutumin nan a matsayin wanda ya ƙona na'urar masallaci, ya nakasa ladan, ya kori surukinsa ba gaira ba dalili. In na yi shiru, a haka jikokinsa za su ji shi. Daga cikin ukun nan kora ce kaɗai tasa, ita ma da dalili.

Ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba, ko ta yabo ce. Ban so shi ba. Ban san wanda ya so shi ba in ban da yayata, ita ma ban taɓa tambayarta ba. Ba ya amsa gaisuwa in yana riƙe da ƙarfen liƙi. In ka kawo masa rediyon da wani ya fara taɓawa, sai ya buɗe ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wane maƙiyinka ne ya yi maka wannan?" Ya taɓa mayar wa wani ɗan takarar kansila kayansa a gaban yaransa, don mutumin ya ce a jona lasifika shida a na'urar da aka yi don biyu.

"Ranka ya daɗe, hanyar da na zana a ciki ta mutum biyu ce. In shida kake so, ka ba ni mako."

"Oga, gobe ne taron."

"To gobe ka ɗaga murya."

Amma shi ne ya same ni ina dakon buhunan albasa a kasuwar Mile 12, wuyana ya kumbura, ya ce wa yayata, "Ƙanin nan naki zai mutu a ƙarƙashin kayan miya." Ya sa ni a shagonsa ina da shekara talatin da wani abu, gemuna ya riga ya fito. Bai taɓa tuna mini wannan ba, ko ranar da ya kore ni. Abin da yake tuna mini kullum shi ne hannuna ya fi kaina sauri.

Aikinmu amfilifaya ne, na'urar da ke ɗaga murya daga makirfo zuwa lasifika. Masallatai, makarantun Islamiyya, masu tallan magani a mota, duk mu muke yi wa. Ba haɗa na waje yake yi ba, tun daga allo yake farawa. Allo ne mai fuska ɗaya ta tagulla, muna sayowa a kasuwar Oshodi wurin wata Bayarbiya da ke ce masa Baba Wahala. Za a zana hanyoyin wuta a kan tagullar da jan farce, a tsoma cikin ruwan asid ya cinye duk inda ba a rufe ba, sai hanyoyin su rage. Sannan a huda, a dasa kayan, a liƙe da dalma.

Ni da na fara, ɗokina in haɗa ƙafar wannan da ta wancan in ji abu ya yi magana. Shi kuwa yakan yi kwana biyu da takarda da jan fensir bai taɓa allo ba.

"Ana ciyar da gida kafin a koya masa magana," haka yake cewa.

Yana farawa da inda wuta za ta shigo. Sai ya tambaya, wa ya fi ci a gidan nan? Manyan taransistocin da ke tura lasifika, su ne masu cin. Su yake zaunarwa kusa da ƙofa, ya ja musu hanya mai faɗin ɗan yatsa, gajeriya, ba kwana-kwana, daga baya ya bi ta da dalma ya ƙara mata kauri. Ƙananan da ke wajen makirfo cin tsuntsu suke yi, sai ya fitar musu da siririn reshe daban. Kusa da kowane mai ci yana ajiye kwandansa, wadda ke tara wuta ta saki lokacin buƙata. Ya ce randa a bakin ɗaki ake ajiye ta, ba a bayan gari ba.

Abin da ya fi zagina a kai shi ne hanyar komawa.

"Duk wutar da ta fita sai ta koma gida. Kai ka raka ta, ba ka tanadi ta inda za ta dawo ba. Haka kuke yi a garinku?"

Faɗin hanyar dawowa daidai da na tafiya. Kuma ba ya yarda ta makirfo ta bi ta lasifika. Kowacce da tata, sai a wuri ɗaya tak suke haɗuwa. In ka gama su tun a hanya, na'urar za ta riƙa gurnani kamar an kulle ƙudan zuma a ciki. Sai ya gama duk wannan da jan fensir, sannan ya ɗauki baƙi ya zana hanyoyin magana a filin da ya rage.

Na ƙarshe, kafin allo ya shiga akwati, sai ya rufe ido ya bi hanyoyin da babban yatsansa. Inda ya ji ta tsuke, sai ya miƙo maka ba tare da ya buɗe idon ba. "Ka taɓa ganin Oshodi da yamma? Matse wa jama'a hanya ka ga zafi. Wuta ma haka take." Na yi shekara goma sha tara ina karɓar allo daga hannun nan. Har na iya aikin, har ina zana wasu da kaina, bai taɓa ce mini madalla ba. In ya yi shiru, shi ne madallarsa.

Shekarar da sojoji suka koma bariki aiki ya yi mana yawa, domin kowane mai neman kujera yana son a ji shi. A ƙarshen shekarar kwamitin masallacinmu suka ce a yi musu sabuwar na'ura, ta da ta tsufa, kuma za su ƙara lasifika a waje saboda sahu ya fara kaiwa titi. Mijin yayata ya zana ta a takarda da hannunsa, ta lasifika huɗu. Sai aka yi masa aikin yanar ido, aka naɗe masa fuska, likita ya ce kada ya kusanci hayaƙin dalma. Ya ba ni takardar ya ce, "Bi ta kamar yadda take."

Ga abin da na yi. Na riga na yanka ƙarfen akwatin, na lanƙwasa, na fesa masa fenti, sai na ga ya gaza. Allon da ya zana ba zai shiga ba. Da na faɗa masa, zagi zan sha na yini ɗaya, a sake wani. Ban faɗa ba. Kuma akwai wani abu bayan kunya. Na daɗe ina ganin na'urorinsa manya ne kamar akwatin amarya, na waje kuwa ƙanana, gwanin kyau. Na ce bari in nuna wa unguwa, in nuna masa.

Na rage allon. Da yake wuri ya yi kaɗan, sai na fara da hanyoyin magana don su suka fi yawa. Da na zo kan hanyar wuta, babu fili. Na bi da ita ta bayan gida, ta zagaya, a wuri ɗaya kuma dole ta ratsa tsakanin ƙafafu biyu, sai na tsuke ta ta koma kamar tsinken tsintsiya. Tsawon wurin bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Na dube shi. Na san abin da yatsansa zai ce. Sai na yi sauri na ɗaure allon cikin akwati, na rufe, na manna takardar da ke ɗauke da sunansa.

Na gwada a shago da lasifika ɗaya, ta yi magana tas. Yana zaune a benci da bandeji a ido.

"Ka bi zanena?"

"Na bi."

"Kawo in shafa."

"Na riga na rufe, Malam. Kwamiti na jira."

Ya ce, "To." Ban taɓa jin ya bar allo ya fita bai shafa ba sai ranar.

Mako uku tana aiki a salloli biyar, lasifika biyu na ciki kawai ake kunnawa. Ranar Juma'ar da aka jona na waje, aka ƙure murya, liman ya yi nisa a huɗuba, sai siririn wurin nan ya yi zafi ya ƙone. Fiyus, da ake sawa don ya katse wuta in ta yi yawa, bai yanke ba, domin hanyata ta fi fiyus rauni. Lasifikokin suka yi wata ƙara kamar harbi, hayaƙi ya turnuƙe daga gaba. Lokacin garin ba a zaune yake lafiya ba, kowa kunnensa a tsaye, an saba jin an yi kaza a unguwa kaza. Wani daga sahun baya ya ce an kawo hari. Jama'a suka yi ƙofa. Ladan yana kusa da na'urar, ya taso ya kashe ta, aka ture shi daga matakala, aka bi ta kansa. Ƙugunsa ya karye. Bai sake tsayuwa ya kira salla ba.

Washegari aka kawo akwatin shago. An cire wa mijin yayata bandejin kwana biyu kafin nan. Ya kwance, ya fito da allon, bai ma kalle shi ba. Ya rufe ido ya bi da yatsa har ya isa wurin ƙunar. Ya daɗe a nan. Sannan ya tashi ya ɗauki jakar kayan aikina, da tabarmar sallata, da butata, ya jefa su titi ɗaya bayan ɗaya, mutane na kallo.

"Malam, me na yi?" Har da bakin tambaya gare ni.

"Fita."

Bai ƙara ko kalma ba, ranar ko bayanta. Kwamiti suka kira shi, ya ce sunansa ne a jikin akwatin, su yi abin da za su yi. Unguwa ta haɗa labarinta da kanta: tsoho ya makance, ya ƙi yarda, ya yi aiki da lalube, da abin ya ɓaci ya huce a kan surukinsa. Ban ƙirƙiri labarin nan ba. Amma duk wanda ya kawo mini shi, sai in sunkuyar da kai in ce, "A bar maganar, mijin yayata ne." Wannan ya fi ƙarya aiki.

Na buɗe shago a layi na uku. Masu kawo masa aiki suka dawo wurina, har masallacin da na ƙona wa na'ura. Sabuwar da na yi musu, takardarsa na bi layi-layi, akwatin ya fito ƙato, har yau tana aiki, ana cewa hannun Alhaji albarka. Shi kuwa yara suka sa masa Injiniya Hayaƙi. Ya koma gyaran tocila da fanka. Muna haɗuwa a sahu, kafaɗa da kafaɗa wani lokaci, in an sallame ya ba na damansa hannu ya tashi. Ina zuwa gaida yayata in na san ba ya nan. Tana zuba mini abinci, tana tambayar iyalina, ba ta wuce nan.

Ranar sadakar uku da safe na shiga wurinta. Tana zaune a tabarma cikin takaba, carbi a hannu. Na durƙusa na fara, ban kai rabi ba ta tare ni.

"Na sani."

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun ranar da ya watsa maka kaya. Ya shigo ya faɗa mini, ya ce in ya ji a bakin wani, a bakin aurena."

"Ashe rufa mini asiri ya yi."

"Kada ka yi wa kanka daɗin baki. Ba don yana sonka ba ne. Cewa ya yi shi ya bar allo ya fita bai shafa ba, don haka nasa ne. Kai ko a laifin ma bai ga ka isa a raba da kai ba." Ta ja carbi biyu. "Shekara biyu ina zuba maka tuwo ina jira ka buɗe baki. Sai da ya kwanta inda ba zai ji ba."

"Ki yafe mini."

"Ni me ka yi mini? Fita waje. Can suke."

Na fita. An gama addu'a, ana raba waina. Na miƙe na ce ina da magana. Na faɗa musu duka: akwatin da ya gaza, allon da na rage, hanyar da na tsuke, ƙaryar da na yi masa yana makaho. Ban tsallake komai ba. Na gama, na tsaya ina jiran abin da zai biyo baya.

Dillalin shanu ya girgiza kai. "Allah sarki. Kun ga mutumin kirki? Har bayan ransa yana ɗauke masa."

"Wallahi ni na yi."

"Zauna, Alhaji, kada ka yi rantsuwa a kan abin da ya wuce," in ji liman. "Mun gane nufinka. Allah ya ba ka ladan zumunci."

Mai goro ya ce, "Wata hanya, wani tsinke, mu me muka sani a ciki? Mu dai mun ga hayaƙi, mun ga suna."

Aka ci gaba da rabon waina. Ban taɓa jin haushin mutane kamar ranar ba, kuma na san ni na koya musu. Shekara biyu ina gina musu mutumin da suke so su gani, yau na zo rushewa sun hana ni. Sun fi son mugun da suka saba da shi, domin in ya zama ba mugu ba, to dariyar da suka yi ta yi masa fa?

Daga nan na wuce gidan ladan. Ɗaki ɗaya ne a bayan wani gidan haya, yana kwance a katifa, sandunansa biyu a jingine. Mutumin Damagaram ne, ba ya kwana-kwana.

"In ta'aziyya ka kawo, ka yi ɓatan kai."

"Ba ita ba ce, Baba Ladan."

Na sake faɗa, karo na uku a yini ɗaya. Bai katse ni ba. Har na gama idonsa na kan rufi.

"Kai ka kawo ta," ya ce. "Na tuna. Kai ka ɗora ta a kan kantar masallaci. Na ce maka wannan 'yar ƙarama za ta iya? Ka ce mini ta fi ta da, irin ta Turai ce. Kana ta murmushi."

"Haka aka yi."

"Shi bai taɓa yin ƙaramin abu ba." Ya juyo ya dube ni. "Ka san abin da nake yi bayan kowace salla, a kwancen nan? Sunansa nake kira. Ba da alheri ba. Sau biyar a yini, shekara biyu. Ya zo ƙofar nan sau uku, na ce a ce masa ina barci. Ƙafa kam ta tafi, na bar wa Allah. Wannan fa, wa zai ɗauka, ni ko kai?"

Sai ya yunƙura ya zauna.

"Miƙo mini sandunan."

"Ina za ka, Baba?"

"Za ka nemo mota ka kai ni inda kuka sa shi. In mun dawo ka rubuta abin da ka faɗa mini, da bayanin hanyar taka, yadda masu aikinku za su karanta su gane ba zumunci ba ne. Ranar Juma'a a ɗauke ni a kai ni masallaci, ni zan sa a karanta. Ni ba za su ce ina rufa masa asiri ba."

Wannan ita ce takardar. Allah ya gafarta wa mijin yayata, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa zafinsa ya tsaya a duniya. Wanda ya yi masa dariya ya san abin da ya rage masa.

Ranar dai na samo tasi a bakin titi, na ciccibi ladan na sa shi a baya. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Da zan zauna kusa da shi ya nuna mini gaba da sanda.

"Can. Kuma kada ka yi mini magana a hanya."

A maƙabarta na nuna masa kabarin, ƙasar ba ta gama bushewa ba. Ya sa na zaunar da shi a gefen kai, sannan ya ce in matsa inda ba zan ji ba. Na koma wajen katanga na tsaya. Ya daɗe yana magana.